Gemun Auduga

Ranar muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, shagon Tela ya cika tun kafin la'asar. Shagon a jikin gida yake, labule ɗaya ne tsakaninsa da tsakar gida, don haka duk abin da aka faɗa a can, matarsa, Maman Kanari, tana jinsa daga inda take wanke-wanke. An ture keken ɗinki gefe, an ɗora talabijin a kan teburin yanka. Mai Aski ya rufe shagonsa ya zo. Mai Faci ya zo da baƙin hannunsa, Tela yana ta roƙonsa kada ya taɓa yadin mutane.

'Yan takara biyu ne ake ji da su: Dogo, mai farin gemu, da Mai Tabarau. Tela kuwa ɗan ga-ni-kashe-nin Mai Tabarau ne, har hotonsa ya manna a jikin madubin gwaji, ta yadda duk wanda ya zo gwada riga sai ya leƙa ta gefen kunnen ɗan takara kafin ya ga kansa. Mai Faci shi kaɗai ne na Dogo a layin.

Ana cikin muhawara mai gabatarwa ta tambayi Dogo abubuwa uku da zai fara gyarawa in ya hau mulki. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Na farko, wuta. Na biyu, ruwa. Na... na... na..."

Ya dubi sama. Ya lalubi aljihu. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwan mai gabatarwa, ba nasa ba, ya shanye tas.

Shago ya kece. Mai Aski ya faɗo daga kan benci. Tela ya riƙe ciki yana bubbuga tebur har almakashi ya faɗi ƙasa. Mai Faci ya tashi zai fita, aka riƙe masa riga.

"Ina za ka? Zauna ka faɗa mana na ukun."

"Mutum ne, ya manta," in ji Mai Faci. "Naku da ya haddace ƙarya tun daga gida fa?"

Kashegari tashoshin ƙasashen waje suka ɗauka, suna ta maimaita wurin kofin. Gwaggo, yayar Tela da ke aikin jinya a ƙasar waje, ta aiko da saƙon murya mai tsawon minti bakwai. Ta ce abokan aikinta sun hana ta sakat, duk wanda ya gan ta da kofi sai ya tambaye ta ko nata ne. Tela ya kunna saƙon ga duk wanda ya shigo shago, yana cewa, "Kun ji ko? Duniya tana kallonmu."

A ranar ne Maman Kanari ta aiki 'yarta shago ta kira mahaifinta cin abinci.

Kanari shekararta shida, kuma tana da in'ina. In za ta yi magana kalma takan maƙale mata a baki, sai ta runtse ido ta tura ta da ƙarfi. Amma in ta buɗe baki da waƙa, ko sau ɗaya ba ta tuntuɓe, shi ya sa ake kiranta da sunan tsuntsu. Malamarsu ta makaranta ta koya wa uwar wata dabara: ta riƙe tafin hannun yarinyar, tana ɗan buga shi da yatsa, kowane bugu gaɓa ɗaya. Shekara guda suka yi a haka, kullum da safe lokacin ɗaura igiyar takalmi. Har an kai Kanari tana iya faɗin jimla biyu, uku, ba ta tsaya ba.

Amma ranar shago cike yake da maza, duk suka juyo suna kallonta.

"Baba, Mama ta ce na... na... na..."

Sai Baba Ƙarami, ƙanin Tela mai gyaran waya, ya daka tsalle.

"Yaya, ka ji? Wallahi Dogo ne sak. Kanari, sake faɗa."

Kafin ka ce me, an zura mata rigar mahaifinta, hannayen suna jan ƙasa. An kifa mata hula har ido. Tela da kansa ya yago audugar cusa matashi, ya ɗinke ta a jikin roba, ya saƙala mata a kunne. Gemu ya fito fari fat. Aka ɗora ta a kan kujera, aka ajiye kofi a gabanta, Baba Ƙarami ya saita waya.

"Ki ce na farko wuta, na biyu ruwa, sai ki ce na uku."

Ta faɗi na farko. Ta faɗi na biyu. A na uku ta maƙale da gaske, ta runtse ido, gemu yana rawa. Baba Ƙarami ya nuna mata kofi, ta ɗauka ta sha. Shago ya sake kecewa, ita ma ta yi dariya, don ba ta taɓa ganin mutane da yawa haka suna murna da ita ba.

Maman Kanari tana bakin labule da ludayi a hannu. Ita ma ta yi dariya. Daga baya, duk lokacin da ta tuna wannan dariyar, sai ta ji kamar ta ciji harshenta.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga gari. Baba Ƙarami ya daina gyaran waya, aikinsa ya koma shigowa tsakar gida da gudu yana shelar yawan waɗanda suka kalla.

"Matar Yaya, dubu arba'in. Matar Yaya, dubu ɗari. Ki shirya, kin haifi tauraruwa."

Gwaggo ta sake aiko da saƙo, wannan karon tana dariya har da tari. Ta ce ta nuna wa abokan aikinta, ta ce musu 'yar ƙaninta ce, sun ce ba su taɓa ganin yarinya mai iya kwaikwayo haka ba. Inna, mahaifiyar Tela, wadda ba ta san yadda ake kunna waya ba, ta sa aka kunna mata sau tara, kowane karo tana cewa, "Ja'ira, kamar kakanta." Tela ya ɗinka wa Kanari riga daidai jikinta irin ta Dogo, ya yi sabon gemu mai kyau, har da gashin baki. Mutanen jam'iyyar Mai Tabarau suka zo da mota suka ɗauki hoto da ita. Mai Aski ya ce duk yaron da ya zo aski yanzu sai ya ce masa na, na, na kafin ya zauna. Gida ya zama kamar ana biki kullum, maƙwabta suna shigowa ba sallama, a ci, a sha, a yi musun siyasa, a ce a fito da Dogo.

Ba wanda ya ƙara cewa Kanari. Dogo ake cewa.

Bidiyo na biyu ya yi kyau, na uku ma haka. A na huɗu aka sami matsala. Kanari ta saba da kujerar, ta saba da wayar, sai ta sa yatsanta a tafin hannunta a ƙarƙashin babbar rigar, tana bugawa a hankali kamar yadda uwarta take yi mata.

"Na farko wuta. Na biyu ruwa. Na uku hanya."

Ta faɗa tsaf, ba tuntuɓe. Ta ɗago kai tana neman fuskar uwarta, ido yana ƙyalli.

Baba Ƙarami ya sauke waya. "A'a, kin ɓata. Wa ya ce ki faɗi na uku? Sake."

Ta sake, ta sake faɗa daidai. Nan ya lura da hannun. Ya zaro shi daga cikin riga, ya ba ta kofi ta riƙe da hannu biyu. Sai kuma ya gano wani abu: in aka gaggauta ta, ta fi maƙalewa. Daga ranar, kafin ya fara ɗauka sai ya tsaya a kanta yana tafi da ƙarfi. "Yi sauri, yi sauri, mutane suna jira, ɗaya, biyu, yi sauri." Sai kalmar ta tsaya mata a maƙogwaro, wuyanta ya kumbura, shi kuma ya ce yauwa, haka ake so.

Da yamma Maman Kanari ta sami mijinta yana guga.

"Baban Kanari, a bar wasan nan haka."

"Wane wasa? Aiki muke yi. Kin san mutum nawa suka bar Dogo saboda yarinyar nan? Ƙasa muke ceto."

"Ƙaninka tsorata ta yake yi kafin ya ɗauka."

"Kai, mata. Ɗan tafi ne tsoratarwa? Ita kanta tana jin daɗi. Jiya ba ki ga yadda aka ɗaga ta sama ba?" Ya juya rigar, ya fesa ruwa. "Sati uku ya rage a yi zaɓe. Ana gamawa shi ke nan."

Ta je wurin Inna. Inna tana tsince wake a faranti, ba ta ko ɗago ba.

"Yaro ai da tsokana yake girma. Ubanta da yake ƙarami kunnuwansa kamar faifai, har waƙa aka yi masa, ga shi nan bai mutu ba. Ke dai kin cika sa ido. A bar yarinya ta yi suna."

Ta tare Baba Ƙarami a zaure. Ya dafa ƙirji.

"Ni? 'Yata ce fa, matar Yaya. Da can wa ya san tana nan? Yanzu har a ƙasashen waje an san fuskarta. In'inar ma ai Allah ne ya ba ta, mu dai mun samo mata amfani ne."

A sati na biyu malamar Kanari ta tsayar da uwar a ƙofar makaranta. Ta ce yara sun daina kiran sunanta. In ta ɗaga hannu a aji, kafin ta buɗe baki ajin gaba ɗaya ya ɗauka: na, na, na. Wani ya zo da auduga daga gida ya manna mata a haɓa da yawu. Yanzu ta daina ɗaga hannu. In an kira rajista, kai kawai take gyaɗawa.

A gida ma maganar ta fara ƙarewa. In tana son ruwa sai ta nuna. In an tambaye ta sai ta ɗaga kafaɗa. Da safe wurin ɗaura takalmi, uwar ta kama tafin hannunta za ta buga, yarinyar ta janye hannun ta ɓoye a baya. Waƙar da take yi in tana wanka, wadda maƙwabta suke ji ta kan katanga, ita ma ta ɗauke. Maman Kanari ta lissafa da kyau: kwana takwas ke nan 'yarta ba ta buɗe baki ba sai in an saƙala mata gemu.

Gidan kuwa bai lura ba, don hayaniya ta yi yawa. Ana saura kwana biyar zaɓe Baba Ƙarami ya shigo yana rawa, takalmi ƙafa ɗaya.

"'Yan jarida daga ƙasar waje. Gobe da hantsi. Sun ce suna son ganin yarinyar da ta girgiza zaɓe."

Tela ya share shago har ƙarƙashin keke. Ya goge hoton Mai Tabarau da hannun riga. Inna ta fito da mayafinta na zuwa unguwa. Mai Aski ya yi wa kansa aski. Har Mai Faci ya wanke hannu da omo, ya ce shi ya zo ne ya gaya wa duniya cewa Dogo na nan daram.

Kashegari da hantsi suka iso su uku: wata mata mai gajeren gashi da littafi a hannu, wani ƙato mai ɗauke da kyamara a kafaɗa, da tafinta, wani saurayi mai ladabi da ke ta gaishe da kowa sau biyu. Aka kawo wa baƙuwar kujera da kofin ruwan sanyi. Ta fara da Tela, ta tambaye shi ra'ayinsa kan 'yan takara. Ya yi bayani har da tsayuwa. Ya ce mutumin da ba zai iya riƙe abu uku a kansa ba, ta yaya zai riƙe ƙasa? Ya ce shugabanci kula ne, ka san abin da ke damun mutanenka tun kafin su faɗa. Tafinta yana juyawa, baƙuwa tana rubutawa, jama'a suna cewa haka ne.

Sai aka fito da Kanari cikin riga da hula da gemu. Aka ɗora ta a kujera, aka ba ta kofi. Baba Ƙarami ya matso ya fara tafi a hankali, yana murmushi saboda baƙi. "Yi sauri, yi sauri."

Kanari ta dubi kyamara. Ta dubi kofi. Ta sunkuyar da kai.

"Kunya take ji," in ji Tela yana dariya. "Dogo, yi mana mana."

Baƙuwar ta durƙusa a gabanta, ta yi magana da taushi. Tafinta ya ce, "Tana tambaya, wa ya koya miki kwaikwayo haka? Ta ce a ƙasarsu manyan 'yan wasa ma ba su kai ki iya maƙalewar nan ba."

Maman Kanari ta saki labulen da take riƙe da shi ta shigo. Ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar shagon nan da maza a ciki ba. Hannunta da sauran kumfar sabulu.

"Ɗan'uwa," ta ce wa tafinta, "ka faɗa mata abin da zan faɗa, kada ka gyara. Ba wanda ya koya mata. Ba kwaikwayo take yi ba. Haka take magana."

Tafinta ya dubi Tela, ya dubi ƙasa, sannan ya juya maganar. Murmushin baƙuwar ya tafi. Ta rufe littafinta.

"Maman Kanari," in ji Tela ƙasa-ƙasa, yana murmushin dole, "koma ciki, ma yi magana."

"Mun yi ai. Yanzu tambaya ce da ni, tunda ranar tambayoyi ce. Abu uku kawai." Ta cire wa yarinyar hula. "Aji nawa take?"

"Aji... ɗaya mana."

"Biyu. Yaya sunan malamarta, wadda ta aiko ka zo sau biyu?"

Tela ya dubi ƙaninsa. Ƙanin ya dubi silin.

"Na uku. Yaushe rabon da ka ji ta ce maka Baba?"

Tela ya buɗe baki. "Ai jiya ma na... na..." Ya tsaya. Ya dubi 'yarsa, wadda take kallonsa ta saman gemun da ya ɗinka da hannunsa. "Na..." Ya lalubi gefen tebur, hannunsa ya faɗa kan kofi, ya kai baki. Sai da ya sha rabi ya ga na baƙuwar ne.

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Mai Faci, ya toshe baki. Mai kyamara ya juyo da ita kan Tela, ya matso. Baba Ƙarami ma, saboda hannu ya riga ya saba, wayarsa ta fara tasowa.

Maman Kanari ta taka ta sa tafin hannunta mai kumfa a kan gilashin kyamarar.

Ta dubi tafinta. "Ka ce masa ya kashe. Wannan ma ba abin kallo ba ne. Mahaifinta ne, gobe da shi za ta fita layin nan." Ta juya ga Baba Ƙarami. "Kai ma sauke."

Ya sauke. Ta zare robar gemun daga kunnuwan 'yarta. Robar ta yi mata jan layi a bayan kunne, wanda ba wanda ya taɓa dubawa. Ta ajiye gemun a kan keken ɗinki, ta ɗauki yarinyar ta shige ciki. Baƙi suka tattara kayansu. Inna ta ce an kunyata gida a gaban mutanen waje, ta faɗa sau uku.

Aka yi zaɓe. Wanda ya ci ya ci, layin ya yi kwana biyu yana musu, sannan kowa ya koma bakin aikinsa. Dogo ya ba da dariya ta minti ɗaya a rayuwarsa, kuma yana da masu magana da yawunsa da suka fito suka ce gajiya ce. Kanari ba ta da kowa sai uwarta. Baba Ƙarami ya goge bidiyon daga wayarsa, ya zo ya nuna wa matar yayansa kamar ya yi abin kirki, amma bidiyon yana wayar Mai Aski, yana wayar Gwaggo, yana wayar mutanen da ba su san sunan yarinyar ba kuma ba za su taɓa tambaya ba. Har yanzu in sun bi ta kasuwa wani yakan nuna ta ya ce ga Dogo nan.

Waƙar wanka ba ta dawo ba tukuna.

Wata safiya, kusan wata guda bayan zaɓe, Maman Kanari tana neman takalmin makaranta ƙafa ɗaya, sai ta hango Tela durƙushe a bakin ƙofa da takalmin a hannunsa. Ya sa wa yarinyar, ya ɗaure igiyar a karkace. Sannan ya miƙa mata nasa tafin hannun, babba, mai kanta da sawun allura.

"Ni ban iya ba," ya ce. "Nuna mini yadda ake yi."

Kanari ta daɗe tana kallon hannun. Uwar ta tsaya inda take, ba ta ko motsa ba. A shago wani yana ta buga ƙofa yana kiran Tela, Tela bai waiga ba, bai kuma ce mata ta yi sauri ba.

Yarinyar ta ɗaga yatsa ɗaya ta ɗora a tsakiyar tafin. Ta buga sau ɗaya. Ta tsaya, ta ja numfashi. Ta sake bugawa.

"Ba," ta ce. "Ba."